Daga 'Yan Doka Zuwa Askarawa: Tarihin Tsaro da Hidimar Jama'a a Arewacin Zamfara

Duk ɗalibin da ya fito daga ƙasarmu ta arewacin Zamfara ya san irin gaisuwar da abokan karatu ke tarbarsa da ita in an komo daga hutu. Ba a tambayarsa labarin damina ko na kasuwa kamar yadda ake tambayar mutumin Kano ko na Zariya, sai dai a ce masa, "Yaya kuka baro hanya?" A cikin irin wannan hira ce wani abokina ya taɓa tambayata, wai shin a can wajenmu wa ke da alhakin tsaron ƙauye, sarki ne, ko shugaban ƙaramar hukuma, ko gwamna? Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na ga ashe ni ma ban sani ba.

Makasudin wannan ɗan rubutu shi ne in nemi amsar wannan tambaya ta hanyar tarihi. Zan duba yadda aka riƙe tsaron ƙauye da hidimomin jama'a, watau kasuwa da asibiti da makaranta da rijiya, a ƙasashen Ƙaura Namoda da Zurmi da Shinkafi tun daga zuwan Turawa, da kuma wanda ke sa wa masu riƙon ido a kowane zamani. Ni mutumin Birnin Tsaba ne a ƙasar Zurmi, saboda haka in mai karatu ya ga na fi karkata can sai ya yi mini uzuri, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Zamanin Ganuwa

Wannan yanki bakin daga ne tun fil azal. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a shekarar 1808, yaƙin da Muhammadu Namoda na Fulanin Alibawa ya yi fice a cikinsa, sai ƙasar Zurmi da Ƙaura ta zama ita ce katangar Daular Sakkwato ta wannan ɓangare. Gobirawan Tsibiri da Katsinawan Maraɗi ba su daina kawo hari ba har ƙarshen ƙarni na 19. Tsaro a wancan lokaci ba wani abu ba ne illa ganuwa da ƙofa da mai gadin ƙofa, da kuma gayyar da sarki kan kira a yi wa ganuwa yaɓe bayan damina. Sunayen garuruwanmu ma sun isa shaida, domin ba a ce wa gari birni sai yana da ganuwa. Wanda ya ƙi fita gayya ya san ransa da na iyalinsa ya yi wa sakaci, ba na sarki ba.

Zamanin En'e

Turawan Ingila sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903. Ba su rushe sarauta ba, sai suka mai da ita ma'aikata, suka kira ta Hukumar Gargajiya, wadda bakin Bahaushe ya mayar En'e. Ƙaura Namoda da Zurmi da Moriki da Isa duk suka zama gundumomi a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, kowace da uban ƙasarta (abin da Kanawa ke kira hakimi shi muke kira uban ƙasa, hakiminmu kuwa shi ne dagacinsu). Daga uban ƙasa sai hakimi, daga hakimi sai mai unguwa, a rugage kuma ga arɗo. Bayan 'yan shekaru aka kafa baitulmali, dabarar da aka fara gwadawa a Katsina, aka yanka wa masu sarauta albashi, aka ce rabin harajin da aka tara ya zauna a baitulmalin En'e, rabi ya tafi ga gwamnati.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi a nan shi ne, En'e hannu ɗaya ce mai riƙe da kome. Ita ke da dogarai, waɗanda daga shekarun 1920 aka fara tace wasu daga cikinsu ana koya musu fareti ana kiransu 'yan doka, da Wakilin Doka a kansu. Ita ke da alƙali, ita ke da gidan yari. Ita ke da malamin asibiti mai wankin gyambo, da malamin huji mai yi wa shanu allurar bushiya, da malamin daji mai tsaron gandun daji, da duba-gari wanda tsofaffin mata har yau suke ba da labarin yadda ake rige-rigen wanke randa in an ji ya shigo unguwa. Makarantar elementare tata ce, rijiyar siminti tata ce, rumfunan kasuwa da mahauta nata ne. Da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, gyaɗa da auduga da fatu suka sami hanyar fita, baƙi suka cika gari, aikin duk waɗannan ma'aikata ya ƙaru, kuɗin baitulmali ma ya ƙaru.

To, me ya riƙe wannan gini duka? Haraji da jangali. Mu 'yan baya mun ɗauki haraji a kan kuɗi ne kawai, amma a gaskiya ƙidaya ce ta shekara-shekara. Kafin a karɓi kwabo sai malamin haraji ya zauna da mai unguwa an rubuta sunan kowane baligi, gida gida. Kafin a karɓi jangali sai an bi rugage da damina an ƙirga shanu, an san garken wane ne ya sauka a wane daji, daga ina ya fito, wane arɗo yake bi. Takardar haraji ita ce shaidar mutum in ya yi tafiya. Baƙo kuwa ba ya kwana a gari sai mai masaukinsa ya kai shi gaban mai unguwa. Kakana ya sha gaya mini cewa in an saci sa, bin sawu ake yi, ƙauyen da sawu ya shiga bai fita ba, mai garin ne zai fito da ɓarawo ko ya san abin da zai gaya wa uban ƙasa. Ba yawan bindiga ne ya tsare ƙasar ba, ɗan doka ma kulki yake riƙewa. Sani ne ya tsare ta, da kuma tabbacin cewa in abu ya ɓaci akwai mutum guda, mai suna, wanda rawaninsa ke iya faɗuwa.

Wa ke sa wa En'e ido? A nan ne gizo ke saƙa. Sa ido akwai shi, mai tsanani ma, amma duk daga sama yake zuwa. Di'o kan fito rangadi ya sauka a bariki, ya duba littafin haraji, ya duba littafin shari'a na alƙali, ya ƙirga 'yan sarƙa, ya leƙa rijiya da mahauta, ya rubuta rahoto ga Razdan. Kasafin kuɗin En'e ba ya aiki sai Razdan ya sa hannu. Sarkin Musulmi kuma yana da nasa wakilan. A shekarar 1938, shekarar da aka naɗa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, aka tura Sardauna Ahmadu Bello Gusau domin ya riƙa duba gundumomin gabas, waɗanda namu ke cikinsu. Shi kansa mai duban bai tsira ba, domin a 1943 an tuhume shi da taɓa kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta ɗaure shi, sai da ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya aka wanke shi. Mutane da yawa sun ɗauki shari'ar a kan rikicin gidan sarauta ce, amma ko ma mene ne, ta nuna cewa littafin jangali abu ne da ke iya kai jikan Shehu gaban alƙali.

Talaka fa? Talaka ba ya cikin masu duba. Shi ake ƙirgawa, ba shi ke ƙirga ba. In mai unguwa ya karɓi harajinsa sau biyu, ko ɗan doka ya shanya shi a rana don ya kasa biya, ko aka sa sunansa cikin ɗiban gwamna zuwa haƙar kuza a Jos lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ƙarar da zai kai a gaban mutanen da suka yi masa abin zai kai ta. Shi ya sa wasu kan tsallaka ƙasar Faransa in lokacin haraji ya gabato, makiyaya kuma su kora shanu cikin daji su ɓoye. Ina faɗin wannan ne saboda na lura 'yan'uwana ɗalibai, saboda zafin abin da muke ciki, sun fara yi wa zamanin En'e kallon aljanna. Wanda aka shanya a rana bai ce haka ba.

Yadda Aka Karɓe Sandar

Ƙorafi ya fito fili a watan Agusta na 1950. A cikin watan aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, a cikinsa kuma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a binciki tsarin En'e a gyara shi, yana kukan cin hanci da rashin jin muryar talaka. Abin da ya biyo baya shi ne aka daina ɗaukar sarki shi kaɗai a matsayin hukuma, aka ce sarki da majalisarsa, aka yi Dokar En'e ta 1954, aka kakkafa majalisun gunduma da na ƙauye inda ake tattauna 'yan ayyuka kamar rijiya da gyaran kasuwa. Wannan shi ne karo na farko da aka buɗe wa mutanen ƙasa ƙofa, ko da yake uban ƙasa ne ke zaune a kujerar shugaba, kuma ba kowa ke iya musa masa a gaban jama'a ba.

Sai dai zuwan siyasar jam'iyyu ya tona wani asiri. Hannun da ke riƙe da ɗan doka da alƙali da gidan yari, in ya shiga jam'iyya, to abokin hamayya ya shiga uku. 'Yan NEPU sun sha ɗauri a kan laifuffuka irin su taro ba izini da zagin sarki. Ba siyasa kaɗai ba, har saɓanin ɗariƙu ya shiga ciki: a 1949 hukumar Sakkwato ta sa an rushe wasu wuraren ibadar 'yan Tijjaniyya a Gusau da Ƙaura Namoda, a 1956 kuma aka yi tarzoma a gundumomin Isa da Zurmi har aka rasa rayuka. A irin wannan hali mai tsaron lafiya ya zama ɗaya daga cikin masu faɗan.

Saboda haka da soja suka karɓi mulki a 1966, ɗaya daga cikin abubuwan da suka fara dubawa shi ne 'yan doka da gidajen yari. Kwamitin da Malam Yusufu Gobir ya shugabanta ya ba da shawarar a haɗe su da na tarayya. A 1968 kotunan alƙalai suka koma hannun gwamnatin jiha da sunan kotunan yanki, aka soke kotunan sarakuna, gidajen yari suka koma na tarayya. Zuwa 1970 an gama narkar da 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya. Cikin shekara huɗu En'e ta rasa kulki da sarƙa da kujerar shari'a. Talakawa da yawa sun yi murna, kuma suna da hujja. Amma daga ranar, mutumin da ke tsaron Zurmi ya zama ma'aikacin da ake iya turowa daga ko'ina a ƙasar nan, a kuma ɗauke shi kafin ya san sunayen ƙauyuka, umurninsa daga kwamishina yake zuwa, na kwamishina kuma daga Ikko.

Gyaran 1976

Gwamnatin Janar Obasanjo ce ta binne En'e gaba ɗaya a 1976, ta kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk faɗin ƙasa, guda 301, aka yi zaɓensu na farko a watan Disamba na shekarar. Sabuwar Jihar Sakkwato ta sami 19. Zurmi ta faɗa cikin ƙaramar hukumar Ƙaura Namoda, Shinkafi kuma cikin ta Isa, sai daga baya kowace ta sami tata. Sarakuna aka ware musu majalisar masarauta, aikinta ba da shawara. Kasuwa da tasha da mahauta da maƙabarta da hanyoyin karkara da kwashe shara da rajistar haihuwa da mutuwa duk aka danƙa wa zaɓaɓɓiyar majalisa, aka kuma ce ta sa hannu a ilmin firamare da kiwon lafiya da aikin gona. A shekarar ce kuma aka fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, makarantu suka yawaita a ƙauyuka fiye da yadda En'e ta taɓa mafarki.

Masu tsara gyaran ba su manta da tsaro ba, kuma wannan shi ne wurin da na fi so mai karatu ya tsaya. Sun san sun raba ɗan sanda da hukumar da ke kusa da jama'a, sai suka nemi ɗinke ɓarakar da wani kwamiti. Ƙa'idojin gyaran sun ce kowace ƙaramar hukuma ta kafa kwamitin 'yan sanda, inda shugabanninta da baturen 'yan sanda na yankin da wakilan jama'a za su riƙa zama a kai a kai suna duba zaman lafiyar ƙasar. Dabara ce mai kyau a takarda. Amma kwamitin shawara kawai yake bayarwa. Ba ya ɗaukar ɗan sanda, ba ya korarsa, ba ya biyansa, ba ya iya cewa a kai mutum goma ƙauye kaza su kwana. Tsarin mulkin 1979 da na 1999 duk sun tabbatar da haka. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a Nijeriya, wanda kuma ya karanta jadawali na huɗu, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma, zai ga har lasisin keke da amalanke da kwalekwale an ambata, amma ba a ambaci tsaron rai ba. Ga amsar rabin tambayar abokina ke nan: a doka, shugaban ƙaramar hukuma ba shi da ko kurtu ɗaya, ko da yake in an kai hari shi ake fara bugun ƙofarsa.

Sa'an nan sai haraji ya tafi. A 1979 gwamnonin PRP, Alhaji Balarabe Musa a Kaduna da Alhaji Abubakar Rimi a Kano, suka soke haraji da jangali, guguwar kuma ta bi sauran Arewa. Ba na cikin masu cewa an yi kuskure, domin kuɗin da ake tatsa da wulaƙanci ba abin kewa ba ne. Amma an zubar da ƙidayar tare da kuɗin, ba a kuwa kawo wani abu a madadinta ba. Mai unguwa ya daina zagaya gidaje da littafi. Arɗo ya daina zuwa gaban uban ƙasa kowace damina. Makiyayi, wanda dā yake biya yana kuma da bakin cewa ina huji, ina burtali, ina mashaya, ya zama mutumin da hukuma ba ta nemansa, shi ma ba ya nemanta. Ga shi kuwa ƙasar Zurmi na da babban daji, wanda tun zamanin Turawa aka keɓe, aka kuma yi ayyukan makiyaya a Gidan Jaja bayan Dokar Makiyaya ta 1965. Da malaman daji suka ƙaranta, gonaki suka ci burtali, dajin Dumburum da ke cikinsa ya zama wurin da sai mai ƙarar kwana ke shiga.

Ita kuma ƙaramar hukuma, tun da ba daga aljihun talaka take ci ba, sai idonta ya koma sama, inda kason man fetur ke fitowa. Kason ma ba kai tsaye yake zuwa ba. Sashe na 162 na tsarin mulki ya kafa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, watau kuɗin sai sun biya ta babban birnin jiha. An ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996, da ƙananan hukumomi 14, tafiya ta ragu daga Sakkwato zuwa Gusau, amma tsarin bai sauya ba. A jihohi da yawa, har da tamu, an sha shekaru ana naɗa kantomomi maimakon a yi zaɓe. Kantoma kuwa wanda ya naɗa shi yake tsoro. Ashe an koma gidan jiya: sa ido daga sama, kamar zamanin Di'o, sai dai Di'o yana fita rangadi.

Abin Da Muka Gani Da Idonmu

Daga wajen shekarar 2011 satar shanu ta rikiɗe ta zama kisa da ƙone ƙauyuka da satar mutane. Da jama'a suka ga ba mai zuwa, sai suka kafa 'yan banga, daga baya 'yan sa-kai. Nan ma tarihin 'yan doka ya maimaita kansa ta mummunar fuska, domin mai makami ne wanda ba littafi, ba alƙali, ba mai tambayarsa. An kashe mutane a kasuwanni a kan zato, musamman Fulani, ramuwar gayya ta biyo baya, wuta ta ƙara ruruwa. A watan Fabrairu na 2018 aka kashe mutum wajen arba'in a Birane ta ƙasar Zurmi. Kwamitin da gwamnatin jiha ta kafa a 2019 a ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, Alhaji M. D. Abubakar, ya ƙirga mata 4,983 da aka kashe wa maza da marayu 25,050 a faɗin jihar, ya kuma zargi wasu masu riƙe da sarauta da hannu cikin ɓarnar.

A watan Yuni na 2021, bayan kisan mutum fiye da hamsin a Kadawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, gwamnati ta dakatar da Sarkin Zurmi na lokacin. A watan Afrilu na 2022 ta tuɓe shi, tare da Sarkin Ɗansadau da uban ƙasar Birnin Tsaba, bisa zargin hulɗa da 'yan bindiga. Ba aikina ba ne in yanke hukunci a kan gaskiyar zargin, kuma a garinmu magana ce da har yau ake yinta da taka-tsantsan. Abin da ya shafi wannan rubutu shi ne tsarin. Uban ƙasa na yau ana tuhumarsa da alhakin tsaro kamar na 1940, amma ba shi da ɗan doka, ba shi da alƙali, ba shi da littafin haraji. Abin da ya rage masa sani ne kawai, sani kuwa a tsakanin mai bindigar daji da mai bindigar gwamnati kaya ne mai nauyi: in ya faɗa a kashe shi, in ya yi shiru a ce da shi ake yi. Wanda ya san ƙasa ba shi da iko, mai iko kuma bai san ƙasa ba.

Hidimomin jama'a su ma sun bi sawun tsaro. A watan Satumba na 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako da makarantu, ta hana safarar dabbobi, aka kuma katse layukan waya a duk jihar na wani lokaci. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, wadda fatake ke zuwa ci tun daga Nijar da kudancin ƙasar nan, ta tsaya cik. Kasuwa kuwa ita ce babbar hanyar samun kuɗin shiga ta ƙaramar hukuma, kuma tsarin mulki ita ya ba riƙonta, amma daga Gusau aka ba da umurnin. Abin da ya fi ci mini rai shi ne harajin da aka soke ya dawo ta bayan gida. A ƙauyuka da yawa na Zurmi da Shinkafi 'yan bindiga kan yanka wa gari kuɗi kafin a yi noma ko kafin a yi girbi, mai gari ya bi gida gida yana tarawa, daidai yadda kakansa ya yi wa En'e. Bambancin shi ne En'e kan ba da rasit, ta kuma haƙa rijiya.

A ranar 31 ga Janairu, 2024, Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara, mutum 2,646, waɗanda aka ɗebo daga ƙananan hukumomi 14 aka ba su horo da kayan sarki. Ta fuskar sanin ƙasa wannan komawa ce ga hikimar 'yan doka, domin ɗan gari ne ke tsaron garinsu. Amma rundunar ta jiha ce, ba ta majalisar ƙaramar hukuma ba, saboda haka tsohuwar tambayar tana nan: in askari ya yi ba daidai ba a ƙauye, gaban wa mai ƙauyen zai kai kuka, kuma tafiyar kwana nawa ce? Bayan wata biyar da 'yan kwanaki, ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon maye gurbin zaɓaɓɓu da kantomomi. A watan Nuwamba na shekarar aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Zamfara. Ƙaramar hukumar Zurmi tana da mazaɓu 11, mu da mutanen Dauran kansila ɗaya muke tarayya a kansa.

Ra'ayina, in an yarda ɗalibi ya faɗi nasa, shi ne hukuncin kotu ko da an bi shi sau da ƙafa kuɗi kawai zai kawo, ba zai kawo ido ba. Abubuwan da ke iya kawo idon ƙanana ne, kuma ba sa bukatar a taɓa tsarin mulki. A manna kasafin kuɗin ƙaramar hukuma da Hausa, boko da ajami, a ƙofar fada da bakin kasuwa. Kwamitin tsaro ya riƙa zama a gundumomi bi da bi maimakon sakatariya kullum, a sa arɗo da sarkin noma da shugaban makaranta da wakiliyar mata a ciki, a rubuta abin da aka ce da wanda ya ɗauki alkawari. Kansila ya riƙa kawo rahoton makaranta nawa ke buɗe a mazaɓarsa, asibiti nawa ke da ma'aikaci mai kwana. Rangadi ke nan, sai dai wannan karon rahoton ga jama'a za a karanta shi, ba ga Razdan ba.

Ga 'yan'uwa masu neman abin da za su rubuta kundin digiri a kansa, takardun Lardin Sakkwato suna nan ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, har da rahotannin kimanta haraji na gundumomi da na rangadin Di'o-Di'o, wasu kuma suna Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Tsofaffin da suka yi aikin ɗan doka da malantar haraji da duba-gari 'yan kaɗan ne suka rage, mafi yawansu kuma rikici ya tashe su daga ƙauyukansu, suna zaune a gidajen 'ya'yansu a Ƙaura da Gusau. Ni dai na fara bin na ɓangarenmu da littafi da alƙalami tun hutun da ya wuce, kuma wanda ke son ya ɗauki ɓangaren Shinkafi da Isa sai ya neme ni ta hannun editan wannan mujalla mu raba aikin.